Ba A Gayyatar Kowa Laim

Wata bakwai ina zuwa bakin kogin Caura ni kaɗai, duk Lahadin farkon wata, da tukunyar ƙarfe a bayan mota da agwagwa ɗaya a cikin buhu. In jera duwatsu uku, in hura wuta, in babbake agwagwar, in zauna ina kallon hanyar da motoci ke gangarowa. Motar da nake jira ba ta gangarowa. Mutane kuwa ga su nan maƙil, kowace inuwa da taronta, kiɗa na tashi, ana faɗawa ruwa ana ihu. Ni kaɗai ne mai tukunyar mutum huɗu da faranti ɗaya.

Sunana Aldwyn Charles, shekarata saba'in da huɗu. Bas na tuƙa shekara talatin tsakanin Port of Spain da Arima, shi ya sa har yau Direba ake ce mini a Tunapuna. An ce ina da baƙar zuciya, ban kuma musa ba. Duk wanda ya yi shekara talatin yana kwasar mutanen Trinidad da sassafe ya fito da farar zuciya, to ba shi ya yi tuƙin ba.

Asali mu huɗu ne. Ni ne mai tukunya, ni ne mai girki. Cuthbert tela shi ke kawo agwagwa, Achong mai kanti ya kawo kwalba da ƙanƙara. Sai Deonarine Mahabir, wanda muke kira Ticha don ya koyar da Turanci a firamare har ya yi ritaya. Shi ke kawo kayan haɗin da matarsa ke niƙa masa: tafarnuwa, attaruhu, ganyen shado beni da garin kori. Shekara arba'in da ɗaya muna haka. Abin da muke yi sunansa laim, kamar yadda kowa a tsibirin nan ke kiransa. A haɗu, a ci, a sha, a yi gardama, ba don an haifi wani ba, ba don wani ya mutu ba. Ranar da zama ya sami dalili, ya tashi daga laim ya koma mitin.

Namu kuma yana da doka ɗaya da ba wanda ya taɓa rubuta ta. Ba gayyata, ba tuni, ba cigiya. Wanda ya zo ya zo. Wanda bai zo ba, in ya ɓullo wata mai zuwa ba mai tambayarsa ina ya shiga, sai dai a matsa masa ya zauna a raba karta. Alfahari muke da wannan ƙwarai. Cuthbert yakan ce matarsa na kiransa, coci na kiransa, masu ɗinki na kiransa, wuri ɗaya ne tak a duniya da yake zuwa da ƙafarsa ba wanda ya jawo shi.

Muna gardamar siyasa, muna gardamar wasan kurket, su zo su wuce. Amma akwai guda da ba ta taɓa tsufa ba: daga ina ita kanta kalmar laim ta fito? Ticha ne ke tayar da ita da zarar an zuba na biyu a kofi. Kalmar Turanci ce, kowa ya sani. Ita ce sunan lemun tsami, ita ce kuma sunan farar ƙasar da ake shafa wa bango. To me ya haɗa waɗannan da ƙattai huɗu da suka gudo daga gidajensu suka zauna a kan dutse?

Achong ya ce ai a fili take, kakanninmu a gindin lemun tsami suke hutawa in an tashi daga aikin rake.

"Ka taɓa zama a gindin lemun tsami?" in ji Cuthbert. "Ƙaya ce zalla, inuwarsa ko akuya ba ta isa ba. Kai dai ka tsaya ga awon shinkafarka. Ni tela ne, ni na san bayan riga. 'Yan zaman kashe wando ne ke jingina da bango mai farar ƙasa tun safe, su tashi bayansu fari fat. Daga nan aka samo ta."

Ticha sai ya bari su gama. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, kamar yana gaban 'yan aji biyar.

"Da jahilci ciwo ne, da tuni an ba ku gado a asibiti ku biyun. Ku saurara. Matuƙan jiragen ruwan Ingila ana ɗura musu ruwan lemun tsami don kada dasashinsu ya ruɓe a teku, har aka laƙaba musu sunan. Lokacin yaƙi, da sojan Amurka suka cika Port of Spain, su ne ke shiga gidajen rawa. 'Yan lemun tsamin nan aljihu ba nauyi, sai su tsaya a bakin titi suna leƙen masu rawa ta taga. Mutanenmu suka ga tsayuwar, suka ba ta suna. Kun gane? Asalinta ba ta masu shagali ba ce, ta waɗanda aka bari a waje ce."

"A wane littafi?" in ji Achong.

"Littattafan ma bakinsu bai zo ɗaya ba," in ji Ticha. "Amma ni nawa ya zo ɗaya."

Ni ba ni da ra'ayi. Nakan ce musu duk wanda ya ƙirƙiro kalmar yunwa yake ji, yana jiran wani bawan Allah ya gama masa girki, su matsa mini daga bakin wuta.

Cuthbert ne ya fara tafiya. A rediyo muka ji, cikin sanarwar rasuwa ta safe, muka haɗu a coci kowa sanye da baƙar kwat ɗin da shi ya ɗinka masa. Bayan shekara biyu 'yar Achong ta zo ta kwashe shi zuwa Toronto. Kartarmu ta mutum huɗu ce, biyu na karawa da biyu, don haka muka daina fito da ita. Na karɓi kawo agwagwa, Ticha ya karɓi kwalba. Matata Yvonne ta riga ta rasu a lokacin, 'ya'yana biyu suna Brooklyn, sai ranar Kirsimeti su kira su tambaye ni ko ina shan magani. In faɗi gaskiya, Lahadin nan ce kaɗai ranar da nake yin magana da mutum wadda ta wuce "ina kwana" da "na gode."

Lahadin farkon Yuli abin ya faru. Damina ce, kogi ya yi ja, itace ya jiƙe, na sha hayaƙi har idona ya kumbura kafin wuta ta kama. Ticha ya zo a makare. Ina soya kori a mai ya fara labarin matuƙan Ingila, na ƙyale shi. Na zuba naman, na sa gishiri, na rufe, ya sake ɗauko labarin daga farko.

"Ticha, ai ka faɗa ɗazu."

"Yaushe?"

Na ɗauka tsokana ce. Na gangara bakin ruwa in wanke gwaza, na dawo na tarar da shi tsaye a kan tukunyata da ledar gishiri a hannu, abin da ba wanda ya taɓa yi tun da muke. Na ɗanɗana romon. Kai! Ruwan teku ma ya fi shi sauƙi. Ina tsaye da cokali a hannu, shi kuwa ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "Ka san dai matuƙan jiragen Ingila…"

Nan kaina ya yi zafi.

"Shekara arba'in da ɗaya ina jin wannan shirmen! Matuƙa, matuƙa, matuƙa! Ni na haife su? Ka lalata mini agwagwa, ka cika mini kunne. In ba ka da sabon zance ka zauna a gidanka mana! Wa ya kira ka?"

Bai rama ba, shi da bakinsa ya fi reza. Ya dubi ledar gishirin kamar wani ne ya sa masa ita a hannu. Ya ajiye ta a kan dutse, ya naɗe kujerarsa, ya ce, "Gaskiyarka, Direba. Ba wanda ya kira ni." Ya hau motarsa ya tafi.

Agusta bai zo ba. Na ce fushi ne, zai huce. Satumba bai zo ba, na ce to ya yi ta yi, mu ga wa zai gaji. Na san gidansa a Cunupia, na taɓa zuwa sau ɗaya bikin 'yarsa, rabin awa ne a mota. Amma ni in je? Ina! Ai ba a cigiya. Da wannan dokar na rufe bakin zuciyata, alhali ni na san ba doka ce ta hana ni ba, girman kai ne, da kunyar kalmomi huɗun nan da na jefe shi da su. Kullum in dafa agwagwa guda, in ci cinya ɗaya ba daɗi, in kai sauran gida in yi kwana huɗu ina ɗumame. Kewarsa nake ji kamar ciwon haƙori, ina kwana da ita ina tashi da ita. So nake ya gangaro, in ce masa ya yafe ni, ko da a cikin zagi ne irin namu.

Lahadin farkon Fabrairu, rani ya shigo, wurin ya cika har ba masaka tsinke. Na gama babbaka, na yanyanka naman, ban kai ga ɗora tukunya ba. Sai na tsinci kaina a tsaye, na jingina da mota, ina kallon taron da ke kusa da ni. Su kusan goma sha biyar ne, suna buga karta a kan akwatin ƙanƙara, wani ya ci wasa ya doki akwatin, duk suka fashe da dariya. Ban san ina murmushi ba sai da wata mata daga cikinsu, mai jan ɗankwali, ta nufo ni da faranti.

"Kawu, kai kaɗai ne? Tun bara muke ganinka. Zo ka shiga namu mana, mutum ɗaya ai ba ya laim."

"Wa ya ce miki ni kaɗai ne? Jira nake!"

Ta ja da baya, ta ce, "Yi haƙuri, Kawu," ta koma da farantinta. Baiwar Allah, alheri ta kawo na watsa mata ƙasa a ido. Na dubi kaina: tsoho a bakin hanya, ya jingina, yana leƙen shagalin wasu. Kunya ta rufe ni. Na watsa wa wutar ruwa, na juye ɗanyen naman a tukunya, na rufe, na sa a mota. Ban tsaya ko'ina ba sai Cunupia.

Gidan yana nan yadda na san shi, a bisa ginshiƙai, da tutocin addu'a a kan gora a bakin ƙofa. Motar Ticha tana gefe, tayoyinta sun sace, ganyen mangwaro ya rufe gilashin. Matarsa ce ta fito, wadda muke kira Bauji, wato matar yaya. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni sama da ƙasa.

"Mista Aldwyn. Ashe ka san hanya."

"Bauji, ina wuni? Yana ciki?"

"Ina zai je?" Ta jingine tsintsiyar. "Tsaya nan tukuna, kafin ka gan shi."

A tsaye ta ba ni labari, ba ta ce in zauna ba. Lahadin farkon Agusta ya shirya tun da safe, ta niƙa masa kayan haɗi, ya hau mota. Da la'asar 'yan sanda suka kawo shi. A mahaɗar Curepe suka same shi ya tsaya a gefen titi, kwalbar kayan haɗi a cinya, ya manta ta ina ake bi a je Caura. Hanyar da ya yi shekara arba'in yana bi. Likita ya ce ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa a kansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya daɗe da farawa. Ɗansu Rajin ya karɓe makullin motar.

Gishirin nan ya faɗo mini a rai.

"Me ya sa ba ki kira ni ba, Bauji?"

"Da wace lamba?" Muryarta ta ɗaga. "Na juye littafinsa ciki da bai. Akwai lambar mai gyaran famfo, akwai ta ɗaliban da ya koyar tun suna da majina. Taka babu! Shekara arba'in da ɗaya, tsofaffi da ku, ba wanda ke da lambar ɗan'uwansa, wai ku masu doka. Na ce Rajin ya kai shi kogin, maigidan ya ce shi ba buhun shinkafa ba ne da za a sauke. Na ce to Rajin ya je ya zo da kai, ya ce kul, ba a kiran mutum. Ya ce ai kai ka ce ya zauna a gida. Wannan kam bai manta ba."

Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba.

"Har bikinmu na Diwali yana ambatonka. Har Kirsimeti, in mota ta tsaya a ƙofa sai ya miƙe. Bayan sabuwar shekara wata jijiyar ta sake toshewa, ita ta tafi da fuskoki. Ni ma wani lokacin sai na gaya masa ko ni wace ce." Ta share ido da gefen gyale. "Da ka zo ko da wata biyu da suka wuce ne. Shiga."

Yana ƙarƙashin gidan, a kwance cikin gadon lilo na buhu, da farar singileti da tabarau. Ya rame. Da ya gan ni ya yunƙura ya zauna, ya gyara murya, ya yi mini murmushin da yake yi wa iyayen yara.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Wajen Rajin ka zo?"

"Ticha, ni ne. Direba."

"Direba? Madalla. Ai ina da aboki direba, Aldwyn, a Tunapuna yake. Ka san shi? Mutum ne mai baƙin hali, ko kare ba ya son haɗa hanya da shi. Amma in ya dafa maka agwagwa, sai ka yafe masa."

"Ni ne Aldwyn ɗin, Ticha. Dube ni da kyau."

Ya dube ni da kyau kuwa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya yi 'yar dariya ta ladabi.

"A'a, yallaɓai. Aldwyn ba tsoho ba ne."

Na juya don kada ya ga fuskata. Na ce wa Bauji ta ara mini murhunta na ƙasa da ke bayan gida, da kayan haɗi in akwai. Akwai, cike da kwalba. Na sauko da tukunya, na hura wuta, ta jawo masa kujera kusa. Ƙamshin kori na tashi na ga ya lumshe ido. Sai na ce bari in gwada shi ta inda na san ba ya haƙuri.

"An ce wai kalmar laim daga zaman gindin lemun tsami ta fito."

Ya buɗe ido. "Wane jahili ne ya gaya maka?"

Ya cire tabarau, ya goge da singileti, ya zayyano labarin matuƙan Ingila tiryan-tiryan, bai tsallake ko taga ɗaya ba. Na ce a raina, ga shi nan ya dawo. Ya gama, ya kalli hayaƙi, ya sake farawa daga farko. Na saurara har ƙarshe. Ya yi na uku, shi ma na saurara, ina juya nama ina gyaɗa kai.

Da romo ya kama jikinsa na sauke, Bauji ta kawo roti, irin gurasarsu, da zafinsa. Kafin in zuba, na durƙusa a gaban kujerarsa, gwiwoyina na ƙara.

"Ticha, maganar da na faɗa maka a kogi, ban kyauta ba. Bakina ne, ka san shi. Don Allah ka yafe ni."

Ya dafa kafaɗata, ya dube ni da tausayi.

"Haba yallaɓai, tashi. Me ka yi mini? Ai yau na fara ganinka."

Wata bakwai ina ɗauke da maganar nan, na kawo ta, ba wanda zai karɓa. Na tashi na zuba masa abinci.

Ya ci sosai, har Bauji ta ce rabon da ya ci haka tun bara. Ya tsotse yatsu, ya ce girkina ba laifi, in na dage zan iya. Da ya kusa gamawa sai ya tsaya, ya ɗaga murya.

"Maman Rajin, kawo mini kwano mai murfi."

Ta kawo. Da hannunsa ya tsamo cinya da ƙirji daga tukunya, ya zaɓi masu tsoka, ya malala romo, ya naɗe roti biyu ya ɗora a kai. Ya rufe, ya ɗaure da tsumma, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ka ce kai direba ne? To in ba zan takura maka ba, ka bi ta Tunapuna ka kai wa Aldwyn. Kowa ya san gidansa. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune, kuma ba ya kula da cikinsa. Kada ka ajiye masa ka tafi, don Allah. Ka tsaya ka ga ya ci."

Na ce, "To, Ticha. Zan tsaya."

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Na ajiye kwanon a teburin kicin, na kwance tsumman, da sauran ɗuminsa. Na jawo kujera na zauna. Na ci ina kuka, hawaye na zuba a cikin romon, ban tashi ba sai da na cinye duka.